ASKAR SOJOJIN JINI: TARIHIN YADDA AKA KOYI BAMBANCE ƘWAYOYIN GARKUWAR ALADE DA NA SHANU

Gabatarwa

Duk makiyayin da ya yi kiwo a Arewacin Nijeriya cikin shekarar 1983 ba zai manta da bushiya ba. Saniya takan fara da zazzaɓi, sa'an nan hawaye da majina, gyambo ya fito mata a baki, zawo ya biyo baya, kafin kwana goma ta faɗi. Shanu dubu ɗaruruwa suka salwanta a wannan karo. Amma yau saurayin da ke kora shanu daga Rimaye ko Kusada zuwa kasuwar Caranci bai taɓa ganin wannan cuta ba, domin a shekarar 2011 an yi shelar cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Ita ce cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa ƙaf, bayan agana a 1980.

To, ta yaya mutum zai tabbatar cewa cuta ta ƙare a duniya? Allurar riga-kafi ita ke korar cuta, amma shaida sai daga jinin dabba ake samunta. Wannan takarda za ta bi tarihin wani makami na ɗakin bincike da ya sa aka iya karanta wannan shaida. Da shi ne kuma aka koyi bambance ƙwayoyin garkuwar jiki iri-iri a jinin mutum da na alade da na saniya. Sanin kowa ne cewa ba a kiwon alade a ƙasar Rimaye, kuma namansa haramun ne ga Musulmi. Duk da haka sai an bi ta kansa, saboda abin da aka gano a jininsa ya yi tasiri a kan yadda ake binciken cututtukan dabbobin da ake kiwo a nan.

Sojoji Masu Kama Ɗaya

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi, waɗanda ke dakon iska, akwai kuma farare, waɗanda ke yaƙi da cuta. Wajen ƙarshen shekarun 1870 wani Bajamushe mai suna Paul Ehrlich ya riƙa rina fararen da rini iri-iri, ya ga cewa kashi-kashi ne. A 1882 Elie Metchnikoff, mutumin Rasha, ya ga wasu ƙwayoyin suna haɗiye duk wani baƙon abu da ya shiga jiki. A 1890 kuwa Emil von Behring da Shibasaburo Kitasato suka nuna a Balin cewa ruwan jinin dabbar da aka yi wa riga-kafi yana ɗauke da wani abu mai karya dafin cutar. Wannan abu shi likitoci ke kira antibodi. A cikin wannan takarda za a kira shi makari, domin kowane ɗaya cuta guda yake karyawa, kamar yadda kowane dafi yake da nasa makarin.

Sai dai akwai wani kashi na fararen ƙwayoyin, waɗanda ake kira limfosait, da ya gagari masu bincike shekara da shekaru. A ƙarƙashin madubin likita duk kamarsu ɗaya, ƙanana ne kuma kewayayyu. Kaza ce ta fara tona asirinsu. A 1956 Bruce Glick ya lura a Amurka cewa idan aka cire wa ɗan tsako wata 'yar jaka da ke kusa da duburarsa, ba ya iya yin makari in ya girma. A 1961 Jacques Miller ya nuna a Landan cewa ɓeran da aka cire wa wata 'yar tsoka ta bayan ƙashin ƙirji, mai suna taimus, tun yana jariri, garkuwarsa takan rushe. A 1965 Max Cooper da Robert Good suka haɗa zancen biyu, suka nuna cewa runduna biyu ce: ƙwayoyin B masu ƙera makari, da ƙwayoyin T masu wucewa ta taimus su sami horo.

An san dai akwai runduna biyu, amma babu hanya mai sauƙi ta duban ƙwaya a ce ga rundunarta. Abin da ya rage shi ne alamomin da ke bisa fatar kowace ƙwaya. A da, in baƙo ya shigo kasuwa, dattijo kan dubi askar da ke fuskarsa ya ce wannan Bakatsine ne, wannan Bagobiri, wancan Babarbare. Haka ƙwayoyin jini suke da tasu askar, sai dai ido ba ya ganinta. Ana bukatar wani abu da zai gane aska guda ya manne mata, ya bar sauran.

Shekarar 1975

Makari yana iya wannan aiki, amma irin wanda ake samu a lokacin gauraye yake. Akan yi wa zomo ko akuya allurar abin da ake nema, a jira makonni, a ɗebi jini. Ruwan jinin nan yana ɗauke da makarai ɗaruruwa, kowanne da abin da yake kamawa. Daɗin daɗawa, na wannan zomo ya sha bamban da na wancan, in kuwa zomon ya mutu, shi ke nan an rasa. Saboda haka masani a Faransa da masani a Kenya ba su iya gwada sakamakonsu da juna da tabbaci.

A 1975, a wani ɗakin bincike da ke Kambirij ta Ingila, César Milstein, haifaffen Ajantina, da Georges Köhler, wani saurayi Bajamushe, suka warware matsalar. Suka yi wa ɓera allurar jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya, suka ɗebo ƙwayoyin B daga saifarsa. Waɗannan suna ƙera makari, amma kwanaki kaɗan suke yi a cikin kwalba su mutu. Sai suka narkar da su tare da ƙwayar sankarar ɓargo, wadda ita ba ta daina hayayyafa. Abin da ya fito ya gaji iyayensa biyu, yana ƙera makari kuma ba ya mutuwa. Daga nan sai a ware ƙwaya guda a bar ta ta hayayyafa, zuriyarta duka su riƙa fitar da makari iri ɗaya tak. Wannan shi ake kira monokulonal, watau makari mai tsatso ɗaya. Ana iya daskarar da zuriyar, a aika da ita ko'ina, bayan shekara ashirin ta ba da abin da ta bayar a ranar farko.

Ba a yi wa wannan dabara rajistar mallaka ba, Milstein kuma ya riƙa aika ƙwayoyinsa ga masu roƙo, don haka ta bazu da sauri. A 1984 aka ba su Lambar Nobel tare da Niels Jerne.

A farkon shekarun 1970 Leonard Herzenberg da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun riga sun ƙera wata na'ura mai jera ƙwayoyi su wuce ɗai-ɗai ta gaban hasken leza, kamar yadda tumaki ke fita ta ƙofar garke ana ƙirga su. In aka shafa wa makari rini mai ƙyalli, duk ƙwayar da ya manne wa sai ta haska, na'ura ta ƙirga dubbai cikin daƙiƙa guda. Da aka haɗa na'urar da sabon makarin, sai ɗakunan bincike suka shiga fitar da makarai barkatai, kowa da sunan da ya raɗa wa nasa. Don a kawar da ruɗani aka yi taro a Faris a 1982, aka tara makaran da ke kama aska ɗaya a rukuni guda, aka ba kowane rukuni lamba mai farawa da CD. Daga wannan tsari aka sami CD4, askar ƙwayoyin T masu ba sauran umarni, da CD8, askar masu kashe duk ƙwayar jikin da cuta ta shiga. CD4 ɗin nan ita ce ake ƙirgawa a asibiti ga mai ɗauke da cutar ƙanjamau, saboda su cutar ke hallakawa.

Jinin Alade

Yawancin makaran da aka yi domin mutum ba su gane askar dabbobi ba. Lalle ne a yi wa kowace dabba nata daga farko. Dalili biyu suka sa aka himmatu a kan alade. Na farko, dukiya ce babba a Turai da Amurka da Sin. Na biyu, zuciyarsa da ƙodarsa sun yi kusa da na mutum a girma da aiki, shi ya sa tun shekarun 1970 David Sachs yake kiwon wani ƙaramin irin alade a Amurka don nazarin dashen gaɓoɓi. A 1984 Mark Pescovitz da Joan Lunney da shi Sachs suka fitar da makarai na farko-farko masu bambance fararen ƙwayoyin alade, cikinsu har da waɗanda aka tabbatar suna kama CD4 da CD8. Wasu masana a Tubingen ta Jamus suka fitar da nasu a wannan shekara. Daga baya aka kwaikwayi taron Faris, aka tara makaran ƙasashe daban-daban aka gwada su tare, aka buga sakamakon taron farko na alade a 1994.

Abin da aka gani ya saɓa wa abin da ke cikin littattafai. A jinin mutum da na ɓera, ƙwayar T da ta gama horo aska ɗaya take ɗauka, ko CD4 ko CD8. A 1987 Armin Saalmüller da abokan aikinsa suka nuna cewa a jinin lafiyayyen alade akwai ƙwayoyi masu yawa da ke ɗauke da duka biyun. Bincike na gaba ya nuna yawansu yana ƙaruwa da shekarun dabbar, kuma yawancinsu tsofaffin mayaƙa ne da suka taɓa karo da cuta suka riƙe kamanninta. Har ila yau aka ga wata runduna ta ƙwayoyin T mai suna gamma-delta, wadda a jinin mutum ba ta cika kai 10 cikin 100 na ƙwayoyin T ba, tana da yawa ƙwarai a jinin ɗan alade. A 1989 Charles Mackay da Wayne Hein suka nuna haka abin yake ga maraƙi, inda takan kai kusan rabin limfosait ɗin jininsa. Darasin da masana suka ɗauka shi ne, ba a auna garkuwar dabbar kiwo da mudun ɓera.

Amfanin wannan sani ya fito a kan zazzaɓin aladu na Afirka, cutar da aka fara bayaninta a Kenya a 1921. Ba ta kama mutum, amma ba ta da magani, kuma takan share garke cikin 'yan kwanaki. Ta shigo Nijeriya gadan-gadan a 1997 ta jihohin Ogun da Legas, ta bazu zuwa wasu jihohi, ta sake yin ɓarna mai yawa a gonakin Oke-Aro a 2020. A 2018 ta isa Sin, ƙasar da ta fi kowace yawan aladu. Arewa ma tana da nata rabo a wannan harka: a shekarun 1950 da 1960 akwai wata babbar gonar aladu a Kano, kuma kasuwar aladu ta Katsit kusa da Kafanchan tana cikin manya a ƙasar nan.

Tambayar da ta dami masana ita ce, wace runduna ce ke kare aladen da ya tsira? A 2005 Chris Oura da abokan aikinsa a cibiyar Pirbright ta Ingila suka yi wani gwaji. Suka ɗauki aladun da suka sami kariya daga wani sassauƙan nau'in cutar, suka yi musu allurar makari mai kama CD8, wanda ya share waɗannan ƙwayoyi daga jininsu na ɗan lokaci. Da aka sa musu nau'i mai kisa, sai kariyar ta rushe. Wannan ya nuna cewa makarin da ke yawo cikin jini shi kaɗai bai isa ba, dole allurar riga-kafi ta tayar da ƙwayoyin CD8. Wannan yana cikin dalilan da suka sa masu neman riga-kafin suka karkata ga rayayyen bairos da aka raunana, kuma irin wannan ne ƙasar Biyetnam ta yarda a sayar a 2023.

Jinin Shanu da Sammore

Aikin da aka yi wa alade a Amurka da Jamus, a Afirka aka yi wa saniya babban kashinsa. A 1973 aka kafa cibiyar ILRAD a Nairobi don binciken cututtuka biyu: sammore, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, da wani zazzaɓin shanu na Gabashin Afirka wanda kaska ke kawowa. A 1986 masanan cibiyar suka fitar da makarai masu kama CD4 da CD8 na saniya, waɗanda ɗakunan bincike na duniya suka yi ta amfani da su. A kan zazzaɓin kaska sun nuna cewa ƙwayoyin CD8 ne ke ba da kariya.

Sammore ita ta fi shafar makiyayin ƙasar Hausa, domin da ita yake karo duk lokacin da rani ya kora shi kudu neman ciyawa. Tun 1947 aka kafa cibiyar bincikenta ta Afirka ta Yamma a Kaduna da Vom. An daɗe da sanin cewa shanu marasa tozo, irin su Ndama da Muturu, suna rayuwa a dajin tsando inda Bunaji da Rahaji ke ramewa su mutu. A 1983 aka ɗauki 'yan tayin Ndama daga Gambiya zuwa Kenya aka dasa a mahaifar shanun Boran, masu tozo irin na nan, don a gwada jinsin biyu a wuri ɗaya. Da aka share ƙwayoyin CD8 daga jinin shanu da makari, aka sa musu sammore, ba a ga wani canji a yadda cutar ta tafi ba. Gwajin da ya ba da amsa guda a zazzaɓin aladu ya ba da wata daban a sammore. Har yanzu ba a sami allurar riga-kafin sammore ba, saboda ƙwayar cutar tana sauya rigarta a kai a kai, kafin makari ya kama ta ta shiga wata. Amma gwajin ya hana a ɓata kuɗi da shekaru a kan hanyar da ba ta ɓullewa.

Ƙarshen Bushiya

Bushiya ta shigo Afirka a 1887 ta tashar Masawa, cikin shanun da sojojin Italiya suka kawo, ta iso ƙasar Hausa wajen 1890. Fulani suka raɗa wa wannan annoba suna Sannu, saboda gaisuwar jaje da ake ta yi wa juna. Yaƙi da ita na cikin manyan dalilan kafa ɗakin bincike na Vom a 1924. Bayan Walter Plowright ya ƙera ingantacciyar allura a Kenya, aka yi taro a Kano a 1961, aka fara gangamin JP15 a 1962 a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Ma'aikata suka bi ruga-ruga suna allura suna huda kunnen saniya don shaida. Da aka rufe gangamin a 1976 an zaci an gama. Ashe cutar ta ɓuya a iyakar Mali da Muritaniya da kuma kudancin Sudan. Ta ɓullo ta Sakkwato a 1980, ta shigo ta Barno a 1983. Kuskuren da aka yi shi ne an tsai da allura ba tare da an kafa hanyar bibiya ba.

Gangami na biyu, wanda aka fara a 1986, ya gyara wannan kuskure. Ƙa'idar ita ce ƙasa ta daina allura, sa'an nan ta ɗebi jinin shanun da aka haifa bayan an daina, waɗanda kariyar da suka sha a dakashin uwa ta riga ta gushe. In aka sami makarin bushiya a jininsu, cutar tana nan. Matsalar ita ce bushiya tana da ƙanwa, annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, wadda kan shiga jikin saniya ta bar makari mai kama da na bushiya, tsofaffin gwaje-gwaje kuma su ruɗe. A farkon shekarun 1990 John Anderson da abokan aikinsa a Pirbright suka fitar da gwaji mai amfani da makari mai tsatso ɗaya, wanda ke kama wani gurbi da bushiya kaɗai ke da shi. Akan zuba shi tare da ruwan jinin saniya a kan bairos ɗin da aka manna a faranti. In saniyar ta taɓa karo da bushiya, nata makarin zai riga shi zama a gurbin, launin farantin ya dushe. In ba ta taɓa ba, launi ya fito sosai. Da wannan gwaji ƙasashen Afirka da Asiya suka auna jinin shanu masu ɗimbin yawa da mudu ɗaya. Bayan 1987 ba a sake tabbatar da ɓarkewar bushiya a Nijeriya ba, ta ƙarshe a duniya kuwa a 2001 aka gan ta, a jikin ɓauna a Kenya.

Kammalawa

Makari mai tsatso ɗaya ya riga ya iso karkarar Katsina, ko da yake ba a san shi da suna ba. Shi ne ke fitar da layi a jikin ɗan tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake amfani da shi a ƙananan asibitoci, haka kuma a tsinken gwajin ciki.

Sauran aiki yana ga awaki da tumaki. A taron Abijan na 2015 ƙasashen duniya sun ɗauki alkawarin kawar da PPR nan da 2030. Allurar da aka fi amfani da ita a Afirka daga wani bairos ta fito da aka samo a Nijeriya a 1975, shekarar Köhler da Milstein, wanda Adama Diallo ya raunana a 1989, kuma Vom tana yin ta. Akuya ita ce asusun matar aure a Rimaye da Kankiya da Kusada, da ita ake yin suna, da ita ake kayan ɗakin 'ya, da ita ake biyan kuɗin asibiti. Ranar da za a ce wannan cuta ta ƙare, shaidar daga jinin waɗannan awaki za ta fito.

Tarihin JP15 gargaɗi ne ga ma'aikacin gwamnati mai tsara kasafin kuɗi. Gangamin allura kowa yana ganinsa, ɗiban jini da gwaji kuwa ba mai gani, don haka shi ake fara yankewa in kuɗi ya yi ƙaranci. Amma sai da man babur ɗin malamin dabbobi, da firji mai wuta, da ma'aikacin ɗakin gwaji da aka horar aka kuma biya, sa'an nan allurar take zama nasara tabbatacciya. Ɗalibi kuma ya lura cewa kayan waɗannan gwaje-gwaje yawanci daga Turai ake sayo su da kuɗin waje, alhali dabarar ƙera su ta kai shekara hamsin a buɗe ga kowa, kuma an yi ta a Nairobi tun 1986. Bunaji da Rahaji da Gudali da jar akuyar Sakkwato dukiyar wannan ƙasa ce, kuma masanan Vom da Zariya da Sakkwato su suka fi kowa kusa da jininsu.